Haibirid ɗina ta ƙi kawo READY sau biyu: ƙaramin batir ne, ko babban ne ya fara mutuwa?

Mai haibirid 2012: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda abin ya taɓa faruwa da su. Motata haibirid ce, wato mai aiki da fetur da kuma babban batirin lantarki, ƙirar 2012, ƙaramin batirinta mai bolt 12 yana cikin but, gefen dama. Shekara biyar tana hannuna ban taɓa canza shi ba, kuma ban san tun yaushe mai ita na farko ya sa shi ba. Sau biyu cikin makon nan na taka birki na danna maɓalli da safe, fitilun dashbod suka kawo gaba ɗaya suna ƙyaftawa, amma READY, alamar da ke nuna mota ta tashi, ta ƙi fitowa sai da na sake dannawa har sau uku. Na ari mita na auna da sassafe kafin in kunna komai, na ga bolt 11.8. Da ta tashi na sake aunawa, 14.1.

Mutum uku na tambaya, magana uku na ji. Mai rewaya ya ce in sa duk batirin da ya shiga gurbin. Mai sayar da kayan mota ya ce sai AGM, wato rufaffen batirin da ruwansa ba ya zuba, mai tiyon fitar da iska, kuɗinsa kusan ninki biyu. Na ukun ya ce babban batir ne ya fara mutuwa, in fara tara kuɗi. Ranar Asabar zan yi doguwar tafiya da iyali. Wanne zan bi?

Ɗan hanya: Wa alaikumus salam. Kik ɗinka ne, Malam. A kwance shi a wanke, a canza burushi, shi ke nan.

Uwar biyu: Ni da tawa ta yi haka batirin rimot ne ya yi sanyi. Ka fara canza shi tukuna, ba ya da tsada.

Tsohon mai rewaya: Ɗan hanya, irin wannan motar ba ta da kik, ba ta da altaneta. Babban batir ne ke juya injin ta hanyar wani injin lantarki da ke cikin giya. Aikin ƙaramin shi ne ya ta da kwamfutocin motar, ya rufe rile, wato makunnin da ke haɗa babban batir da sauran motar. In ya gaza wannan, ko babban a cike yake taf ba za ka ga READY ba. Shi ya sa ba ka jin wannan gurnanin kik mai nauyi da ke gaya maka batir ya gaji a motar gargajiya. Ita haibirid shiru take yi, sai ranar da ta ƙi.

Malam mai tambaya, ai lambobinka sun riga sun ba ka amsa. Batir mai lafiya da ya kwana ana ganin 12.6 zuwa sama. In ya sauko 12.2 ya sha kusan rabi. Ƙasa da 12 kuwa ya zube. Ita 14.1 da ka gani bayan ta tashi tana nufin na'urar da ke sauko da wutar babban batir ta yi cajin ƙaramin tana aiki lafiya. Caji na zuwa, batirin ne ba ya riƙewa. In kana son ka tabbatar, ka sa a cika shi da caja, ya kwana, ka auna, sannan ka kunna fitilun gaba ba tare da READY ba ka ga yadda lambar ke faɗuwa.

Direban tasi: Malam, don Allah kada ka bari kowa ya taɓa babban batirinka. Ni wannan abin ya cinye min shekara guda na wahala. Haka tawa ta fara, wata safiya alamar nan ja mai kusurwa uku ta fito, fitilar birki da ta ABS duk suka kama. Na kai ta wani gareji da ake ta yabo. Suka jona kwamfuta, ta zubo lambobin matsala sun fi goma. Mai garejin ya kalle ni ya ce Alhaji babban batir ya mutu. Ban san komai ba a lokacin. Na ci bashi wurin surukina, na haɗa da abin da na ajiye na kuɗin makarantar yara, aka sa min wani da suka ce gyararre ne. Mako uku motar tana hannunsu, fasinjojina na kullum duk suka koma wurin wasu.

Kwana huɗu da karɓo ta, alamar ta dawo. Da na koma suka ce yanzu kuma inbata ce, na'urar da ke sarrafa wutar babban batir. Nan jikina ya yi sanyi, na ɗauke ta na kai wani wuri. Wani yaro ɗan koyo, ko gemu bai fara ba, ya buɗe but ya ɗora mita a ƙaramin batir. 11.3. Ya ce Baba wannan fa? Aka canza, aka goge lambobin, har yau shekara biyu ban sake ganin alamar ba. Na koma karɓar tsohon babban batirina suka ce ai an riga an farke shi an rarraba. Batirin da lafiyarsa ƙalau. Na bar su da Allah, amma wallahi duk ranar da na wuce ta ƙofar garejin nan sai zuciyata ta yi zafi.

Uwar biyu: Innalillahi. Allah ya mayar maka da alheri, Baba. Ba ka kai ƙara ba?

Direban tasi: Da wace takarda, Hajiya? Ko rasit ba su ba ni ba. Da baki aka yi komai.

Injiniya ƙarami: Abin da ya samu Baba yana da dalili. In wutar bolt 12 ta yi ƙasa, kwamfutocin motar ba sa tashi tare, wata ta farka wata ba ta farka ba, sai kowace ta rubuta cewa 'yar'uwarta ta ɓace. Shi ya sa lambobi ke zubowa barkatai. Duk mai gyaran da ya jona kwamfuta bai fara auna ƙaramin batir ba, aikin banza yake yi. Shi babban in ya fara lalacewa alamunsa daban ne: ma'aunin caji a allo ya cika nan da nan ya zube nan da nan, injin ya riƙa aiki ba hutu, fankar batir ta riƙa ihu a baya, mota ta sha mai. Kuma mai tambaya, duk waya mai ruwan lemo kada hannunka ya je wurin. A Toyota Prius ta 2004 zuwa 2015 babban batirin ya haura bolt 200.

Mai haibirid 2012: Na gode ƙwarai. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan alamun a tawa. To saura maganar AGM da na gama-gari.

Ɗan hanya: Wace ninki biyu? An cuce ka tun kafin ka biya. Ni na sayi AGM bara, bambancinsa da na gama-gari bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Mai mota uku: Ban san inda ka samo naka ba. Ni ninki uku na biya, kuma sai da aka yi oda na jira kwana tara.

Ɗan hanya: To kai kuɗin kwali ka biya.

Mai mota uku: Ko kuma kai sitika ka saya. Ka ɗaga shi ka ji nauyinsa kuwa?

Tsohon mai rewaya: Ni dai shekara talatin da ɗaya ina wannan aiki. Na sa wa haibirid batirin gama-gari ba sau ɗaya ba ba sau goma ba, kuma suna yawo. Bolt 12 bolt 12 ne. Wanda ba shi da hali ya sa abin da ya samu.

Injiniya ƙarami: Baba, da girmamawa, a nan ban bi ka ba. In batirin yana ƙarƙashin bonet, kamar Prius daga 2016, ba ni da ja. Amma nasa cikin but yake, iska ɗaya da yaran da za su zauna a kujerar baya. Batir in yana caji yana fitar da iskar haidirojin, shi ya sa aka yi masa tiyo da ke kai ta waje ta ƙasan mota. Na gama-gari mai ruwa in ba shi da ramin tiyon, a ciki zai riƙa sakin ta, kuma in aka bugi motar ta baya ruwan asid ne zai watsu. Sannan ƙahonnin batirin waɗannan motoci sirara ne, in ka kawo mai kauri sai a fara buɗa tamina, wato bakin wayar da ke kama ƙahon, da sukudireba, daga nan ta daina kamawa.

Tsohon mai rewaya: Yaro, littafi ka karanta. Ni hannuna ne ya ƙone a kan aikin.

Injiniya ƙarami: Waɗanda suka ƙera motar ne suka rubuta littafin, Baba. Kuma wanda ya cuci Direban tasi ma na tabbata ya ce ya shekara ashirin yana aiki.

Tsohon mai rewaya: Kada ka haɗa ni da ɓarayi. Ni ne na fara cewa a auna, ka koma sama ka duba.

Sarkin raha: Jama'a a yi haƙuri, kada wuta ta tashi a nan alhali motar Malam ta ƙi kawo wuta. Ni shawarata ya sayi jaki. Ba READY, ba tiyo, in ya ƙi tashi kuma kowa ya san dalili.

Uwar biyu: Kai dai ba ka rabo da shirme. Amma tambaya: in ya mutu gaba ɗaya kuma but ɗin na lantarki ne, ta ina za a kai ga batirin?

Mai mota uku: Ya taɓa faruwa da ni bayan na yi wata guda ban tuƙa ba. Akwai ƙaramin makulli na ƙarfe cikin rimot, da shi za ki buɗe ƙofar direba. Ki buɗe bonet, cikin akwatin fiyus akwai wani ɗan ƙarfe ƙarƙashin jan murfi, nan ake jona waya ja da aka jawo daga wani batirin mai caji, baƙar kuma a jikin ƙarfen injin. Wuta kaɗan take so, tana kawo READY an gama. Amma a kula. Maƙwabcina ya zo taimako da dare ya juya wayoyin, babban fiyus ya ƙone nan take, kuma an ce na yi sa'a abin bai wuce nan ba. Kuma kada a ce za a ta da wata motar ta wannan ƙarfen, ba don haka aka yi shi ba.

Injiniya ƙarami: In za ka canza da kanka, Malam, ka kashe motar tsaf, ka fara cire baƙar tamina, in ka zo mayarwa ita ce ta ƙarshe. Sifana lamba 10 ce yawanci. Ka mayar da tiyo, ka ɗaure ƙarfen da ke riƙe batirin, kuma kada ka rufe but alhali babu batir a ciki. Agogo da tashoshin rediyo za su goge, gilashi ma wani lokaci sai ka sauke shi ka ɗaga ka riƙe maɓallin kafin ya dawo da hawa da kansa. Masu ajiye mota kuma: zama da rediyo a kunne ba READY cinye batirin yake yi, ba caji. Sai tana READY take caji, kuma a fili, don injin na iya tashi da kansa.

Mai haibirid 2012: Madalla. Ke nan in sayi AGM ɗin kafin Asabar? Akwai tiraka, na'urar bin sawun mota, da kyamara da aka sa min bara, ko su ma suna da hannu?

Direban tasi: Ka saya, amma ka duba kwanan watan da aka yi shi. Wannan ma wata cuta ce. Na biyun da na saya wa ƙanina, sitikar ta nuna sabo ne, da muka ɓare ta sai ga wata a ƙasa ta kusan shekara biyu baya. Wata bakwai ya yi ya mutu.

Uwar biyu: Ni garanti na shekara ɗaya aka rubuta min a rasit. Da ya mutu a wata na tara na mayar, sai suka ce garantin ba ya aiki a kan haibirid. Me ya hana su faɗa ranar da suke karɓar kuɗina?

Ɗan hanya: Ai sai sun ce motarki ce ta kashe shi. Kullum maganar ke nan.

Mai mota uku: Ni yanzu da mitata nake zuwa shago. Duk batirin da ya nuna ƙasa da 12.5 a kan kanta ba na ɗauka. Wani mai shago har ya ce in fitar masa, wai ina zubar masa da mutunci gaban masu saye.

Tsohon mai rewaya: Ba duka laifin masu shago ba ne. Su ma haka dillalai ke turo musu, wani ya yi wata shida a sito cikin zafi ba a taɓa ɗora masa caja ba.

Direban tasi: To dillalin ne ya manna sabuwar sitika a kan tsohuwa? Baba ka bar kare su. Hajiya, rasit ɗinki yana nan? In yana nan ki duba bayansa ki gaya mana ko an rubuta maganar haibirid ɗin, don ni ina zargin da baki kawai suka ƙirƙiro ta.