Na sayi fili, mai shi ya rasu kafin a sauya suna a takardu: me kotu za ta iya yi mini?

Mai Neman Haske:
Assalamu alaikum. Shekara huɗu da suka wuce na sayi fili, na biya kuɗin gaba ɗaya a gaban shaidu biyu, aka ba ni rasit da takardar ciniki mai ɗauke da sa hannun mai filin. Kafin mu je ofishin filaye a mayar da takardun zuwa sunana, Allah ya yi masa rasuwa. Yanzu magadansa sun ƙi sa hannu, babban ɗansa ma cewa yake mahaifinsu jingina ya bayar, ba sayarwa ba. Na riga na kewaye filin da katanga. Shin idan na shigar da ƙara, kotu za ta ba ni takardar shaidar mallaka?

Malam Tsohon Magatakarda:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Da farko ka sani cewa kotu ba ta bayar da takardar shaidar mallaka, wannan aikin hukumar filaye ne. Abin da kotu take yi shi ne ta tabbatar da cewa haƙƙin naka ne, sannan ta umarci magadan su kammala cinikin da mahaifinsu ya ƙulla, domin wanda ya gaji dukiya ya gaji nauyin da ke kanta. Da wannan hukuncin za ka koma ofishin filaye.

Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Idan a Najeriya kake, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma sashe na 22 ya wajabta neman amincewarsa kafin a mayar wa wani haƙƙin zama a fili wanda gwamnan ya bayar. Shari'ar irin wannan fili a Babbar Kotun Jiha ake yin ta, kamar yadda sashe na 39 ya tanada, don haka kada ka kai ƙara inda ba su da hurumi, ka ɓata shekaru a banza.

Hajiya Uwar Marayu:
Malam ya faɗi gaskiya, ni kuma zan ja hankalinka a kan shaidu, domin nan na sha wuya. Lokacin da aka kira shari'ata, ɗaya daga cikin shaiduna ya rasu, ɗayan kuma tsufa ya kama shi, ya kasa tuna ko iyakar ta tsaya a bakin rijiya ne ko ta wuce ta. Abin da ya cece ni shi ne taswirar da na sa ma'aikacin safiyo ya zana tun farko, da lambobin duwatsun iyaka a jikinta. Ka nemi shaidunka tun suna da rai da lafiya, ka kai su wurin lauya a rubuta bayaninsu, sannan ka adana asalin rasit ɗin inda ruwa ko gara ba za su taɓa shi ba.

Ɗalibin Shari'a:
Ina ƙara wa a kan maganar Hajiya cewa mai ƙara da ƙarfin hujjarsa yake cin nasara, ba da raunin hujjar abokin shari'arsa ba. A shari'ar Idundun da Okumagba ta 1976, Kotun Ƙolin Najeriya ta bayyana hanyoyi biyar na tabbatar da mallakar fili, daga cikinsu akwai ingantattun takardu da kuma daɗewa ana riƙe da filin ana amfani da shi. Biyan kuɗin da ka yi, haɗe da katangar da ka gina ba tare da marigayin ya hana ka ba, hujja ce mai nauyi a kan maganar jingina. Sai dai ka binciki tushen mallakar marigayin a rajistar filaye, domin ba wanda zai sayar da abin da ba nasa ba. Kuma ka sa lauyanka ya nemi umarnin wucin gadi da zai hana magadan sayar da filin ga wani kafin a yanke hukunci, kada ka jinkirta, saboda doka ta ƙayyade wa'adin shigar da irin wannan ƙara.

Mai Neman Haske:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Shaidun nawa duka biyu suna raye, amma ban taɓa yin safiyo ba. Gobe da yardar Allah zan fara da wannan, daga nan in wuce wurin lauya da takardun.