Tashin farko da gilaida mai inji: wa ya taɓa sha da ƙyar?

Sabon-Shiga: Assalamu alaikum. Awa 300 da 'yan kai gare ni a Cessna 172, yanzu na koma koyon Grob 109B, gilaida mai inji, wato jirgi mai dogayen fikafikai da ke iya shawagi ko an kashe inji. Jiya a tashi na biyu jirgin ya ƙwace mini ya nufi gefen titin tashi, ba don malamina ya karɓe ba da yanzu wani labarin ake yi. Ya ce laifin ƙafata ne. Yayyena da kuka riga ni, me ya same ku a farko-farko?

Dogon-Fiffike: Wa alaikumus salam ƙanena. Malaminka bai yi ƙarya ba. Cessna ta shagwaɓa ka, tayarta ta uku a gaba take, kusan da kanta take miƙewa. Ta Grob a wutsiya take, faɗin fikafikansa kuma ya haura mita 17, na Cessna kuwa 11 ne. Iska in ta bugo daga gefe sai hancin ya nemi juyawa wajenta, ka makara kaɗan da fedar ƙafa mai juya hancin, ya riga ya tafi. Ni a Falke SF-25 abin ya same ni, mai taya ɗaya a tsakiya da 'yan ƙanana ƙarƙashin fiffike. Filin ciyawa ne da ba a yanke ba. Fiffiken hagu ya yi ƙasa, ciyawa ta riƙe shi, kafin in ankara ina fuskantar inda na fito. Wutsiya ta tsage. Abin da har yau yake ci mini rai, na ji lokacin da ya taɓa, amma na bar totur a ciki ina sa ran zai ɗago.

Hajiyar-Sama: Ni daga gilaida marar inji na zo, don haka ƙafa ba ta taɓa ba ni matsala ba. Hannu ne ya so ya kai ni. A gilaida hannun dama na kan sandar tuƙi, na hagu na kan birkin iska, shekara da shekaru haka. A kujerar hagu ta Grob totur a tsakiya yake, dole wajen tashi sanda ta koma hannun hagu. Ran nan na gwada birkin kafin tashi, na mayar da shi amma ban danna har ya yi ƙas ya kulle ba. Gudu ya kankama, iska ta zuƙo faifan birkin daga saman fiffike suka miƙe tsaye. Mun bar ƙasa da ƙyar, jirgi ya ƙi hawa, itatuwan ƙarshen fili suna ta girma a gilashi. Ni kuwa sai kallon allurar inji nake, na ɗauka shi ne ya gaza. Wadda ke gefena, ko matuƙiya ba ce, ita ce ta ce, "Yaya, mene ne wancan da ya fito a fiffike?" Na sauya hannu na buga shi ya kulle. Mun wuce itatuwan, amma na ga ganye ɗaya-ɗaya. Tun ranar ba na cewa "a rufe", sai na ture shi da tafin hannu na ce "a kulle".

Mai-Sifana: Hajiya Allah ya ƙara tsarewa. Sabon-Shiga, kula da farfela. Ta 109B matsayi uku gare ta: na tashi, na tafiya, da na kashe inji a yi shawagi. Wanda ya sauka ya bar ta a na tafiya, na gaba ya shiga bai duba ba, kamar tayar da mota ne a giya ta uku. Na ga wanda ya ƙare a shinge saboda haka, ya fito lafiya, farfela ta tashi aiki. Inji mai ƙarfin doki 90 ba shi da rarar da zai rufa maka asiri, balle ka manta ɗumin kafireta (iska mai zafi da ke hana ta ƙanƙara, amma take rage wa inji ƙarfi) a buɗe ranar zafi a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa. Ita kaɗai jiƙaƙƙiyar ciyawa ana ƙara mata kashi 30 cikin 100 a lissafin tsawon tashi.

Baba-Tsoho: Ku naku inji a hanci yake. DG-400 da na saya, injin a kan wani turke yake da ke miƙewa sama a bayan kan matuƙi. Ka ba shi wuta ya danna hanci ƙasa, ya mutu kuma hanci ya ɗaga a daidai lokacin da kake buƙatar gudu. Nawa ya ɗauke ina ƙasa-ƙasa. Da injin a tsaye waje jirgin ba ya shawagin da ka san shi da shi, zubowa yake. Ban yi gigin juyowa ba, na sauka gonar da ke gabana.

Sabon-Shiga: Na gode iyayena da yayyena. Baba, ta yaya ka san da gonar?

Baba-Tsoho: Da ƙafa na zaga ta da safe, ɗana. Kafin ka ba da wuta kuma ka zaɓi alama a gefen titi, in ka iso wajenta taya tana ƙasa ba ka ɗaga ba, ka cire totur ka fasa tashin. Ka ce wa malaminka ya riƙa kashe maka wuta ba sanarwa, sannan kada ka yarda ya sake ka kai kaɗai sai kun yi tashi da iskar gefe.