Juya injin stepper da Arduino: shawarwarin da aka tattara

Stepper inji ne mai juyawa taki-taki, Arduino kuma ƙaramin allon lantarki ne da ake ba umarni ya sarrafa na'urori. Bakin masu ba da shawara ya zo ɗaya a kan cewa ƙafar Arduino ba za ta iya ciyar da naɗin wayar injin ba, don ba a so a ɗora mata fiye da miliamfiya 20. Taransisto ne zai ɗauki nauyin, irin TIP120, da rizisto na 1k (ohm dubu ɗaya) a ƙafarsa ta shiga. Injin mai waya biyar ko shida, taransisto huɗu sun ishe shi. Mai waya huɗu kuwa sai ana juya masa wuta gaba da baya, a nan L293D, wani cif mai yin wannan aikin, ya fi sauƙi.

An fi nanata maganar diyod, wato abin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai. Naɗin waya, da an yanke masa wuta sai ya rama da bugu. In da taransisto kake aiki kuma babu diyod irin 1N4007 a kowane naɗi, ƙauri za ka iya ji. L293D kuwa yana da nasa diyod a ciki. Injin ya samu batirinsa daban, amma a haɗa GND (ɓangaren negatif) na batirin da na Arduino.