Giram 200 na markaɗaɗɗiyar gyaɗa kofi nawa ne?

Tambaya:
Assalamu alaikum. Girkin da zan yi ya ce giram 200 na markaɗaɗɗiyar gyaɗa, ni kuwa ba ni da sikeli, sai kofi da cokulan awo. Yaya zan yi?

Amsa ta 1:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Babban cokalin awo, mai mililita 15, yana ɗaukar kusan giram 16 idan an shafe bakinsa. Kenan giram 200 cokali 12 da rabi ne, wato kashi uku cikin huɗu na kofi mai mililita 240, sai ki ƙara rabin cokali. Kofi mai mililita 240 yana cin giram 258 ko kusa da haka, mai 250 kuma wajen 270. Ki duba wanne ne naki. Markaɗaɗɗen almon ma kusan lissafin ɗaya ne.

Amsa ta 2:
Lissafin daidai ne, amma wajen ɗiba ake samun matsala. Idan mai ya taso sama, ki juya sosai har ƙasan kwalba tukuna, in ba haka ba na sama ya yi ruwa, na ƙasa ya bushe, idan kek kike yi ya fito da gautsi. Sannan ki riƙa dannawa da bayan cokali, domin iska na maƙalewa a ciki ta rage awon, musamman mai ɓarzajjiyar gyaɗa. Ki shafe saman da wuƙa, kada ki bari ya yi tozo.

Amsa ta 3:
Ki shafa wa kofin ɗan mai kafin ki zuba, zai fita tas ba tare da ya manne ba. A miya ɗan bambanci ba komai, amma ga biskit gara sikeli.