Haƙoran sama kaɗai nake so a gyara min, zai yiwu?

Ƴar Fagge:
Salamu alaikum ƴan uwa, don Allah ina neman shawara. Shekarata 24, haƙorana na sama guda biyu na gaba sun turo waje, ɗaya ma ya ɗan hau kan ɗan uwansa, tun ina ƙarama nake tsotsar yatsa har na kai aji huɗu shi ne Umma ke cewa silar kenan. Na ƙasa lafiyarsu lau. Wallahi ko dariya zan yi sai na sa hannu na rufe baki. To in an saka min ƙarfen haƙori za a iya sawa a sama kawai, ko dole sai sama da ƙasa? Kuma wannan robar mai haske da ba a gani, tana aiki kuwa?

Maman Ƴan Biyu:
Wa alaikumussalam ƙanwata. Ni ma da wannan niyyar na je, sama kawai nake so saboda kuɗi, amma da likita ya ɗauki hoton bakin ya sa na cije sai ya nuna min cewa in aka mayar da na sama baya ba a taɓa na ƙasa ba, za su riƙa karo da juna wajen tauna, haƙori ya yi ta cinyewa. Haka na haƙura aka saka duka biyun, shekara biyu saura kaɗan na yi da shi, kusan duk bayan sati shida ina komawa a ɗaure wayar. Kwana ukun farko kunu da fate kawai na iya sha, kuma na yi sallama da rake da ƙilishi da cingam har aka cire. Amma yanzu alhamdulillah.

Ɗan Tudun Wada:
Malama, ana yin na sama kaɗai, sai dai ba kowa ba. Abin da likita ke dubawa shi ne yadda sama da ƙasa ke haɗuwa in kin rufe baki. In matsalar ƴar karkata ce ko ɗan fili tsakanin haƙora kuma turamen baya suna zaune daidai, to sama kaɗai ta isa. In kuwa babu wurin da haƙoran za su koma, wani lokaci sai an ɗan kankare gefensu ko a cire haƙori biyu don a samu fili.

Robar da kike magana, Invisalign ce ta fi suna a cikinsu, tana aiki amma sai kin sa ta awa 20 zuwa 22 a rana, cin abinci da goge baki kawai ake cire ta, ana canja sabuwa duk sati ɗaya ko biyu, kuma yawanci ta fi ƙarfen tsada. In kin san ke mai mantuwa ce gara ƙarfen, akwai ma mai launin haƙori wanda ba ya fitowa sosai. Tunda a Kano kike ki je sashen haƙori na asibitin Malam Aminu Kano ki ce likitan daidaita haƙora kike nema. In dasashinki na jini sai an fara maganinsa kafin a saka komai.

Hajiya Babba:
Ƴata abu biyu zan ƙara. Kar ki yarda da masu tallan ƙarfen gayu a Instagram, ko masu cewa ki ɗaura ƴar roba irin ta ɗaure gashi ki matse haƙoran da kanki, robar kan sulale ta shige cikin dasashi ta ci ƙashin har haƙori ya fara girgiɗa ya fita. Na biyu, bayan an cire ƙarfen akwai ritena, wato abin da ke riƙe haƙoran kar su koma yadda suke a da, da ake sawa da dare, ɗana ya yi wasa da tasa cikin shekara ɗaya haƙoran suka fara komawa, abin ya ƙona min rai ƙwarai saboda wahalar da muka sha.

Ƴar Fagge:
Na gode sosai, Allah ya saka da alheri. Yanzu na gwada cijewa a gaban madubi, na ƙasan ma ba sa taɓa na saman ta gaba, akwai fili har ɗan yatsana na shiga. Ranar Litinin in sha Allah zan je a duba. Maman Ƴan Biyu ke an cire miki haƙori kafin a saka?