Don Allah mene ne "severance" a takardar aiki?

Direban Apapa:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Kamfanin da nake ja wa tirela a Apapa zai rage ma'aikata, jiya aka miƙa mana takarda. A ciki na ga "severance pay". Yaron motata ya duba a waya, ya ce wai "sever" datsewa ce, irin a datse hannu. Tun daren jiya hankalina bai kwanta ba. Me ya haɗa datsewa da kuɗina? Zaftare albashi za su yi?

Malamin Agege:
Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka Alhaji, kuɗin sallama ne, ba ka za a yi, ba karɓa ba. Yaron bai yi ƙarya ba, rabin bayani ya kawo. Idan wuƙa ta shafi yatsanka jini ya fito, Bature "cut" zai ce. Sai yatsan ya guntule ya faɗi ƙasa sannan ya ce "severed". Wato yankan da ke raba abu biyu. Daga nan suka ɗauki kalmar suka kai kan hulɗa. Da Najeriya ta yanke hulɗar jakadanci da Faransa a 1961, saboda gwajin makamin nukiliya da Faransa ta yi a hamadar Aljeriya, da Turanci "severed ties" ake cewa. Haka Najeriya ta yi da Isra'ila a 1973, ba a maido ba sai 1992. Naka kuwa igiyar da ke tsakaninka da kamfani ce za a tsinke, shi ya sa ake biya.

Sarkin Fawa Ƙarami:
Mu a mayankar Oko-Oba kullum cikin raba kai da wuya muke, ban taɓa jin wani ya ce haka ba. "Cut am" kawai. Wannan Turancin lauyoyi ne da 'yan jarida.

Maman Idi-Araba:
Baban yara, a kula kar a haɗa "sever" da "severe", mai tsanani, wadda likitoci ke rubutawa. Harafi ɗaya ya raba su. Ta farko "seba" ake furtawa, ta biyu "sibiya". Sannan kar ka sa hannu sai wani ya karanta maka adadin. Dokar ƙwadago ta ce wanda ya kai shekara 5 a wurin aiki sai an ba shi sanarwar wata ɗaya, ko kuɗin watan. Duba ko sun cusa wannan cikin kuɗin sallamar.

Direban Apapa:
Allah ya saka da alheri, Hajiya. Malam, gobe bayan la'asar zan kawo maka takardar har Agege, in cunkoson Oshodi ya bar ni.