Aikin lakcara mai ba ɗalibai shawara, ta ina ake farawa?

Yar_Tudun_Wada:
Salam 'yan uwa. Na gama digiri a fannin ilimi, na yi bautar ƙasa, burina in zama lakcara mai koya wa ɗalibai dabarun karatu da rubuta furojet da ba su shawara. Kwas ne na musamman ko yaya ake shiga?

Malamin_Samaru:
Wa'alaikis salam ƙanwata. Ba wanda za a ɗauka don wannan kaɗai, sai kin zama lakcara a wani sashe tukuna. Ki nemi mastas, Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) na da ɓangaren jagoranci da ba da shawara a tsangayar ilimi, daga nan a ɗauke ki mataimakiyar lakcara, amma in ba ki da digirin digirgir ba za ki yi nisa ba gaskiya. Shawara kuma yawanci sai an ba ki kodinetan aji, ke ce mai duba fom ɗin rijista ki sa hannu, yaro ya zo da kari-oba (kwas ɗin da ya faɗi) huɗu yana so ya jibga duka a semesta ɗaya ki zaunar da shi ku lissafa yunit.

Dan_Kongo:
Malam ka manta ka faɗa mata ƙarin girma da takardun bincike ake yi, ba da yawan ɗaliban da ka lallasa ba 😅

Maman_Ilham:
Duk da haka ki shiga. 'Yan ajin farko da yawa ba su iya ɗaukar not ba, wasu har su gama shekara ba su taɓa aron littafi a laburaren Kashim Ibrahim na ABU ba, mata kuma sun fi sakin jiki da mace malama.

Yar_Tudun_Wada:
Na gode ƙwarai. Malam fom ɗin mastas yaushe yake fitowa?